An Neme Ni A Dutse Ina Kwance A Ɗaki

Shekaru sun goge mini abubuwa da yawa, har da ranar da na fara sauka a filin jirgin saman JFK a Amurka, amma Asabar ɗin nan ba zan taɓa mantawa da ita ba. Ko na so mantawa ma, mutanen unguwarmu ta Park Hill ba za su bari ba. Tun daga ranar na riƙe wani ra'ayi da nake shirye in kare a gaban kowace majalisar malamai: ba rubutu ne ya wayar da ɗan Adam ba, ba noma ba ne, ba kuma ƙarfe ba. Sallama ce. Ranar da mutum na farko ya miƙe daga bakin wuta ya ce wa 'yan uwansa "ni na tafi," ranar aka fara wayewa. Duk daular da ta rushe, in ka bi diddigi, za ka tarar wani ne ya bar wurin da aka ajiye shi bai faɗa wa kowa ba. (Shekara goma sha tara ina koyar da tarihi a sakandare, saboda haka a bar ni in faɗi abin da na ga dama.)

Muna da ƙungiya, mu masu jin Hausa na Park Hill da Stapleton, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan Zango na Ghana. Sau ɗaya a wata muke zama a ɗakin ƙasa na wani shago, a sha shayi, a yi gardama, a tashi ba a yanke komai ba. Ni ne sakatare, wato ni nake rubuta abin da ba a yanke ba. Shugabanmu Alhaji Mamman ne, mutumin Damagaram, direban tasi. Ya daɗe yana jiran fasinja a JFK har jira ya zame masa hali. Ba ya gaggawar komai. Ko atishawa zai yi, sai ka ga kamar yana shawara da ita.

Sai kuma Rabi, nas ce, 'yar Kumasi. Ita ta tara wasu daga cikin matasanmu, da wasu da suka ƙi yarda sun daina zama matasa, suna gudun duwatsu. Su cika mota su yi tafiyar awa biyu arewa da birni, a liƙa musu lamba a ƙirji, su hau dutse da gudu, su sauko da gudu. Ba wanda ya koro su. Babu abin da suka manta a can sama.

A al'adar ƙungiya, bayan babbar Sallah ana zaɓar wuri ɗaya a kai sadakar shekara. A zaman nan Rabi ta miƙe ta ce a kai ta ga masu ceton mutane a dutsen da suke gudu.

"Alhaji, mutanen nan ba gwamnati ke biyansu ba," in ji ta. "Aikin sa kai ne. Wani direban bas ne, wani kafinta. In mutum ya faɗi ko ya ɓata, su suke ajiye aikinsu su je su ɗauko shi. Igiya, rediyo, man mota, duk da gwangwanin taimako suke saye. Yaranmu suna hawa dutsen nan. Ya kamata a ga hannunmu a ciki."

Na ajiye biro na nemi izini. Ba zan ɓoye ba, jawabin da na yi ranar ya yi kyau. Na ce muna cikin ƙasar da ake cire mana haraji tun kafin albashi ya gaishe mu, ƙasar da take da jirgi mai saukar ungulu na kallon cunkoson motoci kawai, sannan a ce mu, baƙi masu aika kuɗin magani gida, mu za mu saya wa Amurka igiya? Na ce kakanninmu sun hau duwatsu, amma da dalili: ko yaƙi ya koro su, ko akuya ta ɓata. Na ce wanda ya ƙoshi har ya rasa abin yi sai ya je ya nemi karaya a kan dutse, to ya tanadi kuɗin ɗorinsa. Na rufe da cewa hankali shi ne babban mai ceto, kuma kyauta ake samunsa. An tafa. Wani ma ya ce in maimaita ta ƙarshen zai tura wa matarsa.

Rabi ta jira tafin ya lafa.

"Ticha, ka taɓa ganin dutsen?"

"Rabi, ni a Zariya na girma. Na hau Kufena da silifas, ina shan rake."

"Wannan ba Kufena ba ne. Yana da wuya paa, sosai da sosai."

"Dutse dutse ne."

"To ka zo ka hau shi da takalmi. Akwai tsere nan da sati uku. In ka gama, na janye maganata. In ba ka gama ba, kai za ka miƙe a nan ka goyi bayana."

Alhaji Mamman ya kurɓi shayi, ya ajiye kofi a hankali. "Bon, to shi ke nan. Sakatare, rubuta."

Da hannuna na rubuta, da kyakkyawan rubutuna.

Na yi shiri, kada a ce ban yi ba. Sau biyu na hau matakalar gininmu har hawa na shida, sau ɗaya kuma na bi bas da gudu na kama ta. Sai takardar shiga tsere. A cikinta akwai wurin da ake rubuta wanda za a kira in wani abu ya same ka. Ba'amurke matarsa yake rubutawa ba tare da tunani ba. Ni kuwa an yi mini tarbiyya. A wurinmu ba a ɗaukar waya a jefa wa mace mummunan labari tana tsakiyar girki. Babba ake faɗa wa, shi ya nemi wasu manyan, su sa manyan riguna su je gidan, su zauna, su gaisa, su kawo maganar a hankali. Saboda haka na rubuta sunan Alhaji Mamman da lambarsa, ina jin daɗin cewa ko a takardar Turawa ban yar da al'ada ba. A riƙe wannan, zai dawo.

Ranar tsere muka isa gindin dutsen da sassafe a motar su Rabi. Kowa da 'yar hular roba. Ni na sa hulata zanna, don a san wanda ya zo. Lambata saba'in da huɗu. Kafin a tashi, wata mata mai rigar ruwan lemo ta hau kan akwatin ƙanƙara ta yi bayani. Linda sunanta, ita ce shugabar masu ceton, kuma daga baya na ji direbar bas ɗin makaranta ce. Ta yi minti biyar tana magana. Ban ji ko kalma ɗaya ba, domin ina can ina yi wa wani saurayi Bature bayanin yadda aka kewaye Kufena da ganuwa. Ni da nake rage wa ɗalibi maki biyar in bai karanta umarni ba. Abin da ta faɗa, kamar yadda mutane kusan arba'in suka maimaita mini daga baya, shi ne: duk wanda ya gaji, ba laifi, amma kada ya bar dutsen sai ya faɗa wa masu tebur da aka ajiye wuri-wuri a kan hanya, domin ana ƙirga kowace lamba.

Minti ashirin na farko na yi gudu irin na mutumin da yake da hujja. Daga nan dutsen ya fara ba da tasa hujjar. Kufena yana da kirki, ka gan shi, ka ga samansa, ka san inda za ka. Wannan kuwa munafuki ne. Ya lulluɓe da itatuwa, duk inda ka ce nan ne ƙarshe sai ya fito da wani hawan daga aljihu. Saiwoyi suna kama ƙafa, duwatsun suna da santsi kamar an shafa musu karkashi. Rabi ta zo ta wuce ni.

"Ticha, sannu. Ina raken?"

Ba ni da numfashin amsawa. Na ɗaga mata hannu irin na babban mutum.

Bayanta wani mai tumbi ya wuce. Bayansa wata tsohuwa da sanduna biyu, wadda na tabbata ta girmi gyatumata, ta wuce tana ce mini ina ƙoƙari. A nan cinyoyina suka kira taro ba tare da sakatare ba, suka yanke shawara. Na zauna a kan wani dutse a bakin wani kwazazzabo mai zurfi. Gaba hanya ta yi kwana ta ci gaba da hawa. Ta hagu kuwa ga wata 'yar siririyar hanya tana gangarawa, a natse, kamar mai cewa zo mu rufa wa juna asiri.

Za a tambaya mene ne shirina. Ba ni da shi. Kunya ba ta yin shiri, gudu kawai take yi, kuma shi ne gudun da na fi iyawa ranar. Abin da na sani shi ne ba zan tsaya gaban Rabi da yaran nan in ce na kasa ba. Na ce in je gida tukuna, kafin Litinin ilimi zai samo mini bayani.

Na cire lambata, na ninke ta, na danne ta da dutse a bakin kwazazzabon (ba na zubar da shara, ko a halin gudun hijira). Garin sunkuyawa hulata ta zame ta gangara ƙasa, ta maƙale a wani reshe can nesa. Na yi mata kallon ban kwana. Na kashe waya don kada a kira ni a yi mini tsiya. Na bi 'yar hanyar.

Ta kai ni titi, titi ya kai ni wani ƙaramin gari mai tashar jirgin ƙasa. Jirgi ya bi bakin kogi ya kai ni birni, na shiga na ƙarƙashin ƙasa, na hau feri, jirgin ruwan da yake kai mu Staten Island. A kan ferin ma har na tsaya a bakin ƙarfe iska tana kaɗa ni, ina tunanin manyan janar-janar na tarihi da suka san lokacin ja da baya. Ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna ina ƙofar gida.

Matata Hadiza ta dube ni daga sama har ƙasa. "Har kun gama? Ina hular?"

"Hadiza, kada ki tambaye ni komai. In wani ya zo, ban dawo ba."

"Ƙarya za ka sa ni da tsakar rana?"

"Ba ƙarya ba ce. Jikina ne ya dawo, ni ina hanya."

"Ni dai abin da zan ce, ka tafi gudu. Wannan gaskiya ne, ga alama ma ka yi shi."

Ta kawo mini ruwan ɗumi da gishiri a roba, na tsoma ƙafafu, na shafa man zafi, na yi azahar a zaune, na kwanta.

Yanzu ga abin da yake faruwa a can, wanda ban sani ba. An ƙirga lambobi a teburin farko, saba'in da huɗu ba ta iso ba. Aka kira wayata, a kashe. Linda ta tara mutanenta. Suka bi hanya da kare, kare ya kai su bakin kwazazzabo. Ga lamba a danne da dutse kamar wasiyya, ga hula can ƙasa a reshe. Ko ni aka nuna wa wannan, abin da zan ce ke nan: mutumin nan yana ƙasa. Suka ɗaura igiyoyi suka fara sauka.

Suka kira lambar da na rubuta. Alhaji Mamman yana layin tasi a JFK, ya yi awa uku yana jira, saura mota biyu a zo kansa. Linda ta tambaye shi ko zai yiwu na koma gida ban faɗa ba. Wannan amsar tasa ita ce har yau take hana ni sakewa.

"Madame," in ji shi, "shekara goma sha biyar na san mutumin nan. Ko banɗaki zai je a taro sai ya nemi izini. Ba zai bar wuri ba sallama ba. Ku neme shi, yana nan."

Ta ce to a ba ta lambar matata. Ya ce a'a, ba haka muke yi ba. Rabi ta karɓi wayar ta roƙe shi, ya ce ko kusa, ba a faɗa wa mace irin wannan a waya, kuma duk wanda ya kira Hadiza kafin manya su isa, shi da shi ne. Ya fita daga layi, ya ƙetare Brooklyn, ya je gida ya sa babbar riga, ya ɗauko liman da wasu dattawa biyu. Komai bisa tsari, kamar yadda na so. Tsarin ya ci awa huɗu, kuma duk tsawonsu akwai mutane a rataye a jikin dutse suna kiran sunana yadda bakinsu ya iya.

Sallamarsu ce ta tashe ni bayan la'asar. Na ji muryar Alhaji, na ce shi ke nan, Rabi ta kai ƙara, an zo tabbatar da faɗuwata. Na ja bargo na yi shiru.

Suka zauna a falo. Aka gaisa. Aka sake gaisawa. Aka tambayi yara, aka tambayi mutanen Zariya, aka tambayi sanyi alhali ana zafi. Hadiza ta kawo ruwa, ba wanda ya sha.

"Malam ya fita ko?" in ji Alhaji.

"Ya tafi gudu," in ji ta.

"Haka ne. Ya tafi gudu." Ya waiwaya gefensa. "Liman."

Liman ya gyara murya ya fara magana a kan haƙuri, da yadda bawa yake fita da safe bai san abin da aka rubuta masa ba. Ina kwance ina cewa a raina, kai, duk don na kasa tsere? Sai na ji Alhaji ya ce, "Ba mu ce an rasa shi ba, Hadiza. Ana nan ana nema. Amma an ga hularsa."

Ɗaya dattijon ya ce, "Mutumin kirki. Sai dai yawan magana."

"Shi ma don ilimi ne," in ji ɗayan.

A nan ya kamata in fito. Na sani. Amma ina roƙon mai karatu ya faɗa mini gaskiya: wa zai ji an fara yabonsa irin wannan ya katse? Na ƙara minti ɗaya. Ba na alfahari da shi, amma na ƙara.

Hadiza ce ta kawo ƙarshen abin. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, fito. Ni ba zan ɗauki wannan ba."

Na fito ɗaure da zanenta, ba riga, ina warin man zafi. Dattawa huɗu cikin manyan riguna suka ɗago kai. Liman bakinsa a buɗe, da sauran addu'a a ciki. Sai tarbiyya ta yi aikinta, na durƙusa na ce, "Sannunku da zuwa."

Alhaji Mamman ya dube ni tsawon lokacin da zai ishi fasinja ya fito daga jirgi ya ɗauki kaya. Sannan ya ce, "Bon." Ya ciro waya, ya danna, ya miƙo mini.

"Ni na ce mata kana can. Kai za ka ce mata kana nan."

Na ji iska a wayar, da haushin kare, da numfashin mace mai hawa. Na faɗi sunana. Na ce ina gida, a Staten Island. Sai ta tambaya:

"Ka ji rauni?"

"A'a."

"Ko kaɗan?"

"Cinya ce kawai."

"Madalla. Kada ka kashe, ina da mutum biyu a kan igiya, bari in fito da su." Na ji tana magana a rediyo, cewa an same shi, yana lafiya, kowa ya dawo a hankali. Ta dawo kaina ta ce, "Na ji daɗi da kana raye. Ka sha ruwa da yawa." Ta kashe.

Da ta zage ni, da na samu abin riƙewa. Ina da amsar zagi iri-iri. Ba ni da amsar a sha ruwa.

Asabar ta gaba Alhaji ya ɗauke ni da Rabi muka koma ba da haƙuri, da kular dambun nama da Hadiza ta yi (ta ce ba don ni ba). Na zaci ofis zan gani. Wata rumfa ce a bayan wurin 'yan kwana-kwana, da tsohuwar mota ɗaya, da gadon ɗaukar marar lafiya mai ƙafa ɗaya kamar baro. Wani dattijo mai suna Walter, tsohon ma'aikacin gidan waya, ya taso yana ɗingishi da ƙafa a naɗe. A kwazazzabona ya gurɗe. Ya miƙo mini hulata, an wanke ta, an cusa mata jarida don kada ta lotse.

"Kyakkyawar hula," in ji shi. "Na yi awa ɗaya kafin in kai gare ta."

Na ciro ambulan na ce wa Linda a faɗa mini abin da aka kashe, ni mutum ne mai biyan ɓarnarsa. Ta ce ba sa caji. Na ce wannan ba ceto ba ne, wauta ce, kuma wauta ya kamata a biya.

"Yawancin waɗanda muke nema wauta suka yi," in ji ta. "In muka ce sai an biya, mutum zai karye ya ƙi kira don tsoron takardar biyan kuɗi, sai gobe mu je mu ɗauko gawa. Kai kunya ta sa ka ɓuya. Kana so mu ƙara wa mutane wani dalilin ɓuya?"

Ta nuna mini wata igiya a ƙasa, an yanka ta gida uku. Ta gogu da kaifin dutse wajen nemana, kuma igiyar da ta gogu ba a sake rataya rai a kanta. Na tambayi wa zai sayi wata. Ta ce za su yi gashin nama a ƙofar coci su sayar, kamar kullum. Ta nuna gwangwani a bakin ƙofa, ta ce in ina so in saka, in ba na so in bari, amma kada in ɗauka farashi ne. Na saka ambulan ɗin. Na roƙi guntun igiyar, ta ba ni.

Kafin zaman ƙungiya na gaba, sunana ya canja. Daga shagon nama na Stapleton har layin bas ɗin feri, Marigayi ake ce mini. "Marigayi, ina gajiya?" "Marigayi, yaya can?" Ina amsawa. Wanda aka yi wa ta'aziyya ya ji da kunnensa ya fi ƙarfin tsokana.

Dokar zama ita ce sakatare ya fara karanta abin da aka yi a zaman baya. Saboda haka na miƙe na karanta jawabina da bakina, kalma bayan kalma, har da akuyar, har da "hankali shi ne babban mai ceto." Ɗakin ya kusa rushewa. Na jira suka gama, kamar yadda nake jiran 'yan aji tara. Sannan na ajiye guntun igiyar a kan tebur na ce na goyi bayan Rabi.

Ɗanjuma mai shagon waya, wanda ya nemi in maimaita masa jawabin farko, ya ce, "To Marigayi, yanzu sadakarmu za ta tafi gyaran wautarka ke nan?"

Na ce, "Ƙwarai. Tawa da taka. Ɗanjuma, ba kai ka kulle kanka a ɗakin kaya bara ba har aka fasa ƙofa? Wa ya tambaye ka hankalinka kafin a fasa? Na ce hankali shi ne mai ceto. To ni na fi kowa a ɗakin nan takardun hankali, ga su can a bangon gidana, kuma ba su suka sauka kwazazzabo ba. Tsoho ne mai ciwon gwiwa ya sauka, don neman baƙon da bai taɓa gani ba, wanda sati uku kafin nan ya tsaya a nan yana cewa kada a saya masa igiya. Ba su tambayi takarduna ba, ba su tambayi addinina ba. Mu da muke ta faɗa wa yaranmu cewa a gida in gobara ta tashi kowa da bokitinsa yake fitowa, wai Turawa ba su san wannan ba. To na ga masu bokiti. Ku yi mini dariya har shekara, na cancanta, zan ma taya ku. Amma 'yar Alhaji tana gudun nan, ƙanenka ma yana yi. Ranar da lambar ɗayansu ba ta iso tebur ba, ina so igiyar ta zama sabuwa."

Ba a tafa ba. Alhaji ya ce a ɗaga hannu, aka ɗaga, har Ɗanjuma, ko da yake nasa bai wuce kafaɗa ba. A tarihin ƙungiyarmu wannan ne karo na farko da na rubuta abin da aka yanke.

Yanzu ni nake yawo da gwangwanin shago-shago, kuma duk mai son ya kira ni Marigayi sai ya saka wani abu tukuna. Darasin da na koya gajere ne: in za ka gudu, ka yi sallama. A takarda kuma ka rubuta matarka, manya suna da jinkiri. Ban ba kowa haƙuri a kan sauya ra'ayi ba, kuma ba zan bayar ba. Ina ma ganin ba don abin da na yi ba, da mutanen nan ba su samu igiya ba, kuma tarihi cike yake da ja da bayan da ya zama nasara.

Na faɗa wa Rabi haka ranar da muka kai sadakar. Na ce ta yarda dai, ba ƙaramin mutum ne zai tsere wa idonta tun daga kan dutse har Park Hill ba.

Ta ce teburin farko yana bayan kwanar nan ne, taku ɗari da 'yan kai daga inda na danne lambata. Ita ma a nan ta ajiye tseren, gwiwa ta hana ta. Tana zaune a kujera tana cin ayaba, tana jira in iso mu sauka tare a motar masu tebur.